Malam Muttaka da Zaren Cikin Kwamfuta

Malam Muttaka ɗan wani ƙauye ne gabas da Kaita. Ya shigo birnin Katsina a 1974 da takardar gama firamare a aljihu, ya sami aikin masinja a wata kwalejin kimiyya da ke bayan ganuwa. A can ya koya wa kansa buga tafireta, yana zama kujerar akawu duk lokacin da akawun ya fita cin abinci. Kafin shekara biyar an mayar da shi mai buga takardu, kuma a wannan kujera ya tsufa. Mutum ne siriri, mai ɗan doro saboda yawan sunkuyawa, ba ya son hayaniya. Abin da aka san shi da shi ɗaya ne: idan ya buga maka takarda, ba sai ka sake dubawa ba.

Matarsa Delu ta rasu a daminar 1997 bayan gajeriyar jinya. Shekara ta zagayo ya aurar da ɗiyarsu guda ɗaya, Lami, aka kai ta Gusau. Daga nan ya zauna shi kaɗai a ɗakuna biyu na haya a Ƙofar Durbi. Da safe ya sha koko a bakin titi, ya hau kekensa zuwa kwaleji. Da yamma ya karɓi tuwo a gidan maƙwabciyarsa Dije mai tuwon sayarwa, ya ci a ƙofar ɗaki rediyo na magana a gefensa. Ɗakin Delu kuwa ya bar shi yadda yake, sai dai ranar Juma'a ya buɗe ya share.

A watan Mayun 1999 sojoji suka miƙa mulki, gari ya cika da maganar sauyi. Mutane da yawa da suka daɗe a ƙasashen waje suka fara dawowa gida. Cikinsu akwai Dakta Isiyaku, ɗan Ƙofar Sauri, wanda ya yi shekara tara yana karatu da koyarwa a Turai. Ya iso kwalejin da akwatuna biyu na kwamfuta da alkawarin da aka yi masa na gina ɗakin bincike. Kafin a gina, aka ba shi wani ƙaramin ɗaki a ƙarshen baranda, mai taga ɗaya.

Da ya kunna kwamfutocin, sai ya tarar faifan da ya ɗauko aikinsa a kai ya lalace a hanya. Abin da ya rage masa kawai takardu ne shafi sittin da ɗaya da ya taɓa bugawa, cike da lambobi da baƙaƙe da alamomin da ba su haɗa kalma ko ɗaya. Dole a sake shigar da su cikin kwamfuta harafi bayan harafi. Masu buga takardu biyu suka duba suka ce ba su iyawa. Aka ce masa ya nemi Muttaka.

“Malam Muttaka, ina gajiya? An ce mini kai ne ba ka kuskure.”

“Ba gajiya, ranka shi daɗe. Kuskure kam kowa na yi. Mi za a buga?”

Dakta ya ajiye masa takardun. Muttaka ya juya shafi uku ya ɗago kai.

“Wannan wane yare ne?”

“Yaren kwamfuta ne. Waƙafi ɗaya ya ɓace, duka aikin ya tsaya.”

Muttaka bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, amma madannanta jerinsu ɗaya da na tafireta. Ya sa rula ƙarƙashin kowane layi, ya buga, ya matsar da rular. Kwana tara ya yi. Da Dakta ya gwada, kuskure uku kacal aka samu, biyu ma daga takardar suke, inda tawada ta dushe.

Ranar da aikin ya tashi, Dakta ya kira shi ya gani. A fuskar kwamfutar akwai layi biyu a miƙe, ɗaya sama ɗaya ƙasa, a tsakaninsu kuma wasu ɗigo ashirin haɗe da juna, suna lanƙwashewa suna miƙewa, suna tafiya a hankali daga hagu zuwa dama.

“Kamar carbi ya faɗa ruwa,” in ji Muttaka.

Dakta ya yi dariya har da tafa hannu. “Wallahi ka fi littafin iya faɗa. Zauna in gaya maka. A cikin jikin kowane mai rai akwai wani zare siriri da ido ba ya gani, ana ce masa Di-En-E. Shi ke ɗauke da gado, shi ya sa ɗiyarka ta yi kama da kai. Masu bincike na son su riƙa tura shi cikin ruwa ta wata magudana ƙarama, wadda faɗinta bai kai silin gashi ba, don su miƙar da shi su auna shi. Layukan nan biyu su ne bangon magudanar. Carbin nan shi ne zaren. Mu ba mu da magudanar, ba mu da madubin ganinta. Sai mu gaya wa kwamfuta yadda ruwa ke gudu da yadda zare ke motsi, ita kuma ta lissafa mana abin da zai faru.”

“To, ashe ba na gaske ba ne.”

“Ba na gaske ba ne. Amma in lissafinmu ya yi daidai, abin da na gasken zai yi ke nan.”

Muttaka ya daɗe yana kallo. Daga ranar aka mayar da shi ɗakin Dakta gaba ɗaya.

Gwaji talatin da shida Dakta ya tsara. Kowane da nasa faɗin magudana da ƙarfin ruwa da tsawon zare, kuma kowane yakan ci mako uku ko fiye kafin ya ƙare. Babbar matsalar ita ce wuta. Dakta ya sayo baturan mota biyu ya haɗa, ya kuma gyara aikin yadda zai riƙa adana kansa duk rabin awa. Idan aka ɗauke wuta, aikin Muttaka shi ne ya kashe kwamfutar a tsanake kafin baturan su mutu. Idan aka kawo, ya tayar da ita daga inda ta tsaya. Duk la'asar ya kwafe lambobin da ta fitar cikin littafi mai bangon shuɗi, ya kuma sa su a faifai.

Shekara biyun da suka yi tare su ne mafi daɗi da Muttaka ya yi tun rasuwar Delu. Dakta mutum ne mai surutu. Yana aiki yana magana, ya tambaye shi labarin Katsina ta da, ya aika a sayo musu fura da nono su sha tare. Wata rana Muttaka yana kwafar lambobi ya ce:

“Dakta, ni dai na lura da wani abu. Ko ina muka ajiye zaren nan da farko, ko jikin bango ne, in aka daɗe sai ya koma tsakiya. In ruwan ya yi ƙarfi ya fi saurin komawa.”

Dakta ya ajiye alƙalami ya dube shi. “Malam Muttaka, abin da nake nema ke nan tun ina can. Shi ne duka aikin.”

Ran nan Muttaka ya koma gida yana tuƙa keke kamar saurayi. Ya karɓi tuwonsa, ya zauna ƙofar ɗaki, ya juya zai yi magana, sai ya tuna babu kowa.

Ɗakin binciken da aka yi alkawari bai wuce tubali jeri huɗu ba. Ciyawa ta fito a ciki. Dakta ya rubuta takarda bayan takarda, Muttaka ne ke buga su, amsar ɗaya ce: ana dubawa. Matar Dakta da 'ya'yansa kuma suna can Turai, yaran na makaranta. A ƙarshen 2001 ya rufe ƙofar ɗakin ya zauna kan tebur.

“Malam Muttaka, zan koma.”

Muttaka ya ajiye alƙalaminsa ya juyo.

“Na yi iya ƙoƙarina. Gwaji goma sha huɗu muka gama, saura ashirin da biyu. Can ba za su ba ni kwamfuta don wannan ba, wani aikin suka ɗauke ni. Zan bar maka ɗaya. Ka san komai yanzu. Ka ƙarasa mini, don Allah.”

“In Allah ya yarda. Yaushe ne tahiyar?”

“Ranar Asabar.”

Ya rubuta masa jerin gwaje-gwajen da suka rage a takarda ɗaya, ya kai shi wani shagon intanet kusa da Ƙofar Sauri ya nuna masa yadda ake aika saƙo. Ranar Asabar Muttaka ya je tasha rakiya. Dangi sun cika wurin, sai daga nesa ya ɗaga hannu.

Ɗakin ya yi shiru. Babu abin da ake ji sai ƙugin fankar kwamfuta. Muttaka ya ci gaba da zuwa ƙarfe bakwai da rabi kamar kullum, ya goge tebur, ya duba ruwan batur, ya zauna. Tunda Dakta ba ya nan, ba mai leƙowa. Wasu a kwalejin ma sun ɗauka Muttaka ya yi ritaya. Yakan yi awa biyu yana kallon ɗigon nan ashirin suna birgima tsakanin bango biyu. Ya san halinsu: yadda suke dunƙulewa in gudun ruwa ya ragu, yadda kan zaren ke lanƙwasowa ya wuce wutsiya in ruwa ya yi ƙarfi. Wani lokaci sai ya ji kansa yana cewa, “To, matsa mana,” kamar mai kora akuya.

Sau ɗaya ya gwada ba da labarin a majalisar unguwa, bayan sallar la'asar, ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gidan Alhaji Mamman tela. Ana ta gardamar zaɓe mai zuwa, wa zai zarce wa zai faɗi. Da aka ɗan tsagaita ya ce:

“Ni kuwa wani abu nake gani wurin aiki. Akwai wani zare cikin jikin mutum…”

“Jijiya?” in ji Alhaji Mamman.

“A'a, ya fi jijiya ƙanƙanta nesa ba kusa ba. In aka sa shi cikin ruwa…”

“Wa ya ciro shi daga jikin mutumin?”

“Ba a ciro ba. Cikin kwamfuta yake.”

Aka yi dariya, ba ta mugunta ba. Alhaji Mamman ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Malam Muttaka, aure za ka ƙara, shi ne maganin wannan.” Aka koma maganar zaɓe. Bai sake tayar da zancen ba.

Duk ƙarshen gwaji sai ya hau keke zuwa shagon intanet da faifai a aljihun gaba. Da farko amsa na zuwa cikin kwana biyu, doguwa, har da tambayar lafiyar Lami. Daga baya ta koma layi biyu. Daga baya sai a yi wata ba ta zo ba. Muttaka bai riƙe shi a zuci ba, ya san mutum mai iyali da aiki. Amma duk da haka in ya buɗe akwatin saƙo ya ga babu komai, yakan ɗan zauna kafin ya tashi.

Sai malamai suka shiga yajin aiki, aka rufe kwalejin kusan wata shida. Ɗalibai suka watse, ofisoshi suka kulle, shanun Fulani suka riƙa kiwo a filin ƙwallo. Mai gadi ya yi mamakin ganin sa ranar farko, daga baya ya saba, yana buɗe masa ƙofa tun kafin ya sauka daga keke. A duk faɗin kwalejin su biyu ne, kuma mai gadin kurma-kurma ne, gaisuwa kawai suke yi. Muttaka yakan yi sallar azahar shi kaɗai a baranda, ya ci ɗan rogo da ƙuli, ya koma ciki.

A cikin wannan yajin ne gwaji na ashirin da bakwai ya ƙi. Mako biyu suka wuce, zaren na nan yana yawo kusa da bango, ya je ya dawo, bai nufi tsakiya ba. Muttaka ya duba batur, ya duba waya, ya kashe ya kunna. Ya aika wa Dakta saƙo, shiru. Ya sake aikawa, shiru. Abin ya hana shi sakat. Ko dai kwamfutar ce ta tsufa, ko kuwa duk abin da suka gani a baya ba gaskiya ba ne, shekara uku sun tafi a banza. Har Dije ta lura yana mayar da kwano da sauran tuwo.

“Malam, lahiya dai? Ko miyar ce ba ta yi ba?”

“Lahiya lau, Dije. Aiki ne.”

A mako na uku ya ɗauko takardar da Dakta ya bar masa, ya sa rula, ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa da abin da ya shigar. A layin ƙarfin ruwa ya gani. An rubuta 0.5, shi kuma ya buga 0.05. Ruwan da ya ba zaren kusan a tsaye yake. Ya kai takardar bakin taga, ya nisanta ta, ya kusanto da ita, sai ya gane lambobin sun fara haɗe masa. Ba kwamfuta ba ce, idonsa ne.

Ya koma kujerarsa. Babu wanda ya sani, babu kuma wanda zai taɓa sani in ya gyara ya yi gaba. Amma washegari bayan ya je asibitin ido an ba shi tabarau, sai ya wuce shagon intanet ya rubuta: “Dakta, laifina ne. Na buga lamba ba daidai ba, mako uku sun ɓata. Na sake daga farko. Na kuma koma na duba sauran goma sha biyun da na yi bayan tafiyarka, duk daidai suke. Ka yi haƙuri.” Wannan karon amsa ta zo washegari: “Malam Muttaka, ba komai wallahi. Ni ne ya kamata in ba ka haƙuri, aiki ya yi mini yawa. Allah ya saka da alheri.” Ya sa aka buga masa saƙon a takarda, ya ninke ya ajiye cikin littafin mai bangon shuɗi.

A watan Maris na 2004 gwaji na talatin da shida ya ƙare. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe ɗigon suka tsaya cak, kwamfutar ta rubuta kalmar da ke nuna an gama. Ya kwafe lambobin, ya kai, ya aika. Washegari ya zo ƙarfe bakwai da rabi, ya goge tebur, ya duba ruwan batur, ya zauna gaban fuska baƙa. Bai iya zaman ba. Kafin azahar ya ɗauko lambobin gwaji na ɗaya ya shigar, ya tayar da shi, duk da ya san abin da zai fito. Haka ya riƙa yi har wata huɗu, ba wanda ya sa shi, ba wanda zai aika wa. Sai wata safiya aka zo daga ofishin magatakarda da takarda, ana buƙatar kwamfutar don buga sakamakon jarrabawa. Shi da kansa ya naɗe wayoyin ya ɗauka ya kai. Aka mayar da shi tsohuwar kujerarsa, ɗakin kuma aka zuba tsofaffin fayiloli.

Bayan shekara guda ambulan ya iso daga Turai. Takarda ce shafi goma sha biyu da Turanci, daga wata mujallar masana, da sunan Dakta da na wasu mutum biyu a sama. A shafi na bakwai ya ga zane, ya gane lambobinsa ne aka mayar layi. A ƙarshe, cikin ƙananan baƙaƙe, Dakta ya ja layi da jan biro ƙarƙashin jimla ɗaya: ana godiya ga M. Mutaka na Katsina saboda kula da lissafin. An yar da “t” ɗaya daga sunansa. Ya lura nan take, don aikinsa ke nan, amma bai ji haushi ba. Da Lami ta zo ganin gida da ƙaramar salla ya nuna mata. Ta riƙe takardar da hannu biyu ta ce, “Ma sha Allah, Baba,” sannan ɗanta ya yi kuka ta miƙa masa ta tashi.

Ya yi ritaya a 2006. Shekara ta gaba ya ji a masallaci cewa mahaifiyar Dakta Isiyaku ta rasu, kuma Dakta ya iso. Ya sa farar rigarsa ya tafi Ƙofar Sauri ranar uku. An shimfiɗa tabarmi har bakin titi, motoci sun cika layin. Ya bi sahu har ya kai gabansa. Dakta ya yi ƙiba, furfura ta fito masa a gemu.

“Allah shi jiƙan Hajiya, shi gafarta mata. Ya haƙuri?”

“Haƙuri ya zama dole… Malam Muttaka! Kai ne?” Ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya jawo shi ya zaunar kusa da shi. “Ya iyali, ya Lami? Wallahi kullum ina cewa zan kira.”

“Lahiya lau suke. Dakta, in ba damuwa, tambaya ɗaya gare ni. An gwada da na gasken?”

“An gwada. Wasu sun yi magudanar da gilashi, sun sa wa zaren launi mai haske, sun duba ta madubi. Tsakiya yake bi, kamar yadda muka gani.”

“Alhamdu lillahi.”

“Ka san abin mamaki? Kwamfutar da ke ofishina yanzu, duk talatin da shidan nan kwana biyu za ta yi ta gama.”

Da murmushi ya faɗa, ba da wata manufa ba. Muttaka ya gyaɗa kai ya ce, “Ikon Allah.” Sai ga wasu manyan baƙi sun sauko daga mota, aka fara matsawa ana ba su wuri. Dakta ya miƙe tarbarsu yana cewa, “Kar ka tafi, Malam, za mu yi magana.” Muttaka ya koma ƙarshen tabarma ya jira har aka kira la'asar. Da aka idar ya hango Dakta a tsakiyar mutane, ana ta yi masa magana ta ko'ina. Ya nemi takalmansa ya kama hanya a ƙasa.

A ranar da yamma Lami ta kira wayar Dije, aka kawo masa. Ta ce mijinta ya gyara ɗakin zaure, ya sa silin da fanka, ya kamata Baba ya tattaro ya dawo Gusau cikin jikokinsa, zaman kaɗaicin ya isa haka.

“To, Lami. Bari damina ta wuce mu gani.”

“Haka ka ce bara, Baba.”

“Na sani. Ki gaida mai gidan da yaran.”

Ya miƙa wa Dije wayarta ya yi godiya. Daminar ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, yana nan Ƙofar Durbi. Ya sayi tsohuwar tafireta a gwanjon wata ma'aikata, ya kafa tebur a inuwar shagon Alhaji Mamman, yana buga wa mutane takardun neman aiki da na koke. Masu zuwa ba su da yawa, yawanci tsofaffi ne 'yan fansho da ba su yarda da yaran shagunan kwamfuta ba. In ya gama sai ya karanta wa mutum abin da ya buga daga farko har ƙarshe, a hankali, sannan ya nuna masa inda zai sa hannu.